Takardar da ke Aljihun Malam Isaka

"Ciwon gaɓoɓi iri ɗaya ne a duniya, sunansa sanyin ƙashi, kuma duk Yamai ba wanda ya san shi kamar ni."

Malam Isaka ne ya faɗi haka, tsohon ma'aikacin gwamnati ɗan Damagaram. Shaidar karatunsa ita ce gwiwarsa ta dama, mai shekara goma sha biyu tana ƙara in ya miƙe daga sallah.

Surukarsa Balkissa tela ce a unguwar Kalley, shekararta talatin da ɗaya. Kullum da safe yatsunta na hannu biyu kumbura suke su ƙage, sai hantsi take iya riƙe almakashi. Shi ya raka ta gidan likita da kansa, don ya duba aikin lokotoro.

Lokotoron mace ce, ba ta girmi Balkissa ba. Da ya fara kawo mata misalin gwiwarsa, ta ce, "Baba, naku daban ne. Guringuntsin gwiwarku ne ya cinye da shekaru, kamar dugadugin takalmi. Ita kuwa garkuwar jikinta ce ke kai wa gaɓoɓinta hari. In aka yi jinkirin magani, yatsun za su karkace."

"Jikinta ke yaƙar jikinta?"

"I, Baba."

"To wa ke cin nasara?"

"Ba kowa."

"To maganin naki, ɓangaren wa zai bi?"

Ta sake bayani. Nasa tafiya ke tayar da shi, nata kuwa motsi ke sassauta shi.

"Ashe ma ta yi ta motsi kawai," in ji shi.

Shi ya karɓi takardar zuwa gwajin jini, tunda ba a miƙa wa yarinya takarda babba na zaune. Ya ninke ya sa aljihu. A gida ya raba mata man shafawarsa biyu.

Balkissa ta gane kowace kalma ta lokotoro. Amma wadda ko sunan surukinta ba ta faɗi, yaya za ta ce ya zazzage aljihunsa? Ta gaya wa mijinta Salim, direba. Ya ce sai ya dawo daga garin Tawa. Da ya dawo ya ce ai Baba ya sani.

Bayan shekara ɗaya da rabi aljihun rigar ya ɓarke, Malam Isaka ya aika mata ta ɗinke. Takardar na ciki. Sau shida tana neman zura zare a allura, ta kasa. Ta kai wa telan da ke maƙwabtaka da ita ya ɗinka, ta kawo ta durƙusa.

Ya duba ɗinkin, ya gyaɗa kai. "Kin gani? Da mun bi ta yarinyar nan, da hannun nan bai yi wannan aiki ba."

"Haka ne, Baba," in ji ta, ta mayar da hannuwanta cikin mayafi.