Sauran Muryar Lucius Mabry

Ranar Juma'a likita a Memphis ya gaya wa Lucius Mabry cewa ciwon da ke maƙogwaronsa sankara ce. Ranar Talata za a yi masa aiki, kuma daga ranar ba waƙa kaɗai ba, ko ruwa yake so sai dai ya nuna da hannu. Ina gefe a zaune, hulata a kan gwiwa. Shekara talatin da ɗaya ina kaɗa masa fiyano, don haka duk inda za a je jin mummunan labari ni ake ja.

Muna shiga mota ya ce in kai shi Greenwood ranar Lahadi. Ban tambaye shi wurin wa ba. Mutum ɗaya gare shi a garin, Ozella, matarsa ta fari. Ya auri uku bayanta, amma waɗancan muryar suka aura, da ta fara dishewa kowacce ta kama gabanta. Ya ce so yake ya roƙi Ozella gafara da bakinsa, tun bakin yana aiki.

Ga abin da ya shiga tsakaninsu. A shekarar sittin da tara muna Chicago, an ɗauke mu mako guda a wani babban zaure, sai aka bugo waya cewa ɗansu Amos, mai shekara huɗu, zazzaɓi ya rufe shi. Lucius ya ce bari a gama wasan Asabar. Na ce masa ya tafi, ya ce irin wannan dama ba ta zuwa sau biyu. Ko da ya isa gida an binne yaron, masu ta'aziyya sun watse. Ozella ta tare shi a ƙofa, ta ce masa ya makara, ba abin da ya rage sai kujeru. Kujerun coci take nufi, waɗanda aka aro wa baƙi.

Da wani ne ya ji wannan magana, da ya tafi da ita kabari. Shi kuwa wata biyu bai cika ba ya mai da ita waƙa. Faifan ya yi kasuwar da ba mu taɓa mafarki ba. Masoya suna rungume da juna suna rausaya, a zatonsu labarin wani ne da budurwarsa ta tafi ta bar shi. A tsakiyar waƙar mukan sassauta kiɗa, Lucius ya zube a kan gwiwa ɗaya, ya zaro farin hankici, ya shiga magiya yana cewa shi ne mai laifi, a bar masa ƙofa ko da rabi ce. Mata su yi ta kuka. Sau nawa na ga wannan durƙuso, ni kaina ban sani ba. Tun muna yi a manyan zauruka har muka koma bukukuwan gari da rana tsaka, inda tsofaffi ke cin soyayyen kifi suna fifita da takarda. Waƙar ce ta ciyar da mu, kuma ba zan yi ƙarya ba, na tsane ta.

Ranar Lahadi ya sa jar kwat ɗinsa ta dandamali. Na ce masa ba wasa za mu ba, ya ce ita kaɗai ce ba ta yi masa yawa ba yanzu. Gaskiya ya faɗa, ya rame ƙwarai. Muka yi ta keta gonakin auduga.

Mun tarar da Ozella a baranda, ta dawo daga coci ta cire takalma, tana ɓare wake a cikin kwano. Gashinta ya yi fari fat. Ba ta tashi ba, ba ta kuma yi mamaki ba. Ni ta fara duba.

“Hosea, har yanzu kana biye da wannan? Lallai kai kam ka gama shan azabarka tun a duniya.”

Na yi dariyar dole. Ta nuna mini kujera, ta ce akwai shayi mai ƙanƙara a ciki in ina so. Shi ba ta nuna masa komai ba.

Lucius ya tsaya a gabanta yana juya hula. Na ce a raina yau dai mutumin nan zai yi magana irin ta mutane. Sai kawai na ga gwiwar dama ta nufi ƙasa, hannun hagu ya nufi aljihun ƙirji. Farin hankici ya fito.

Kalma ɗaya bai canza ba. Shi ne mai laifi, shi ne ya makara, a bar masa ƙofa ko da rabi ce. Har inda yake ɗauke numfashi don mata su yi ihu, sai da ya ɗauke. Abin da ya fi ci mini rai shi ne hawayen na gaske ne. Na san na dandamali, na san na gaske. Mutumin nan da zuciya ɗaya yake roƙo, sai dai shekara ashirin da biyar yana roƙon da kalmomin nan, har ba shi da wasu.

Ozella ta bar shi ya kai ƙarshe, hannunta bai bar waken ba. Sannan ta juyo gare ni.

“Ba a nan kake shigowa da fiyano ba?”

Na sunkuyar da kai. A nan ne kuwa.

Ta ce masa ta ji wannan magiya a rediyo, ta ji ta a shagon gyaran gashi, ta ji ta a bikin ƙanwarta, inda sai da ta fita waje ta tsaya a bayan motoci har aka gama. Ta ce ta san zancen Talata, yayarsa ta kawo sunansa coci kuma an yi masa addu'a, ita ma ta ce amin.

“Tunda ka zo,” in ji ta, “faɗa mini abu ɗaya da ba ka taɓa sayarwa ba. Ɗaya tak. Ina jinka.”

Ya buɗe baki, ya rufe. Muka jira. Wata mota ta wuce a titi, kare ya bi ta da haushi ya dawo. Ni da ke gefe na san abubuwa goma da zai iya faɗa, ko sunan yaron ma ya isa. Har na ji kamar in raɗa masa, yadda nake yi in ya manta baiti. Amma wannan ba aikina ba ne, kuma ta hana ni da ido.

Da shirun ya yi yawa ta aje kwanon a ƙasa.

“Ba ƙin ka nake ba, Lucius. Gajiya na yi. Ƙiyayya ma ƙarfi take so, ni kuwa nawa ya ƙare tuntuni. Tashi, ka ɓata wandonka.”

Tashin ya gagare shi, sai da na kama shi ta hammata. Ta ƙulla mana burodin masara a takarda, ta ce in tuƙa a hankali, ta shige ciki.

Muka kama hanya, har muka yi kusan rabinta. Ya jingina kai da gilashi, na zaci barci yake. Tausayinsa ya kama ni, don na san ya zo da abu ɗaya a ransa kuma ya koma bai samu ba, ga Talata jibi.

Sai na ji wani ɗan sauti yana fita ta hancinsa, ƙasa-ƙasa. Ya maimaita, ya gyara, ya sake maimaitawa. Daga nan ya sa masa kalmomi cikin dusasshiyar muryar nan: ba ƙin ka nake ba, gajiya na yi.

“Hosea, kana da biro?”

Na taka birki na gangara gefen hanya. Na ce masa shi ba mutum ba ne. Na ce matar nan ya cinye ta sau ɗaya, yanzu ragowar yake so ya suɗe. Na ce ko ya rubuta, da wane maƙogwaro zai rera? Duk abin da na haɗiye shekara talatin na amayar masa. Bai musa ko ɗaya ba.

“Na sani,” ya ce. “To ni da me kake so in ji zafin? Ban iya wata hanya ba.”

Ya ci gaba da rerawa a hankali, idonsa a rufe. Rabon da in ji karin waƙa mai kyau irin wannan daga bakinsa an fi shekara ashirin. Na duba hannuna a kan sitiyari, na ga yatsuna sun riga sun fara nemo masa kiɗan. Na jawo akwatin gaban mota na miƙa masa biron.