Lemo Uku da Baƙar Tawada

Tun safe Shufen take goga sandar busasshiyar tawada a kan dutse, ta ɗiga ruwa, ta gwada, ta dunƙule takardar ta yi jifa da ita. So take ta zana lemo uku da baƙi zalla, amma mai kallo ya gane biyu sun nuna, ɗaya ɗanye ne. In ta cika ruwa, lemon ya baje kamar gajimare. In ta rage, ya fito kamar gawayi. Ta zauna, ta miƙe, ta leƙa taga, shayinta ya huce. Can ta jiƙa burushin da ruwa, ta dangwali tawada da bakinsa kawai, ta murza sau uku.

Yayanta Dehai ya shigo daga gonar lemonsu, ƙafa duk taɓo.

"Ke dai ki sayi kala ki huta, sarkin wahala."

"Yaya, matsa, ka tare mini haske."

Bai matsa ba. Ya duƙa kan takardar, ya ɗaure fuska, ya nuna na gefe.

"Wane mara hankali ne ya tsinko wannan? Ai da sauran sati biyu!"