Tafin Hannun Barnaba

Shekara arba'in da biyu ke nan da Barnaba magini ya danna tafin hannunsa a ɗanyen yaɓen majami'ar garinsu, can wajen Dakusa. Shi ya daɗe da rasuwa, amma shatin hannun yana nan a bango, daidai inda matarsa Tabita take zama. Tun da idanunta suka mutu, da shi take gane wurinta. Takan shigo tana shafa bango, sai hannunta ya faɗa cikin nasa, ta zauna.

Da jama'a suka tashi gyaran ginin, ɗanta Sila aka ɗora a kan aikin. Abu guda ta roƙe shi, a bar mata wannan wurin yadda yake. Ya ce, "To, Inna," yana danna waya. Wata biyu cur tana daka wa masu aiki gero.

Ranar buɗewa baƙi suka zo daga Damagaram, mata sun sha ado. Tabita ta shigo tana lalube. Siminti ne sumul, ko'ina ɗaya. Ta kai ƙarshen bango, ta dawo, ta sake komawa. Wani ya yi dariya a baya. Sai ta ji takun Sila, ta yi tsammanin wurin zai kai ta.

Ya kama wuyan hannunta ya sauke ƙasa, ya ce a kunnenta, "Haba Inna, baƙi na kallo. Daina taɓa bangon nan, za ki ɓata mana fenti."