Abin da Farfesa Ta Gaya wa Malamarta

Shekara goma sha tara matarsa tana kiransa Injiniya, ko da yake iyakar aikinsa gyaran firiji ne a wani ɗan shago da ke bayan tashar mota. Shi kuwa bai sami sunan da zai rama da shi ba sai ranar da ta dawo daga makarantar renon yara inda take aiki, ta ajiye jaka, ta ce ta yi rajistar karatu daga nesa, ta intanet.

"Karatun me kuma?" in ji shi.

"Addini da falsafa da ilimin ɗa'a. Shekara biyu ne. In na ci jarrabawa, jami'a za ta ɗauke ni."

"Falsafa? Ba shi ne karatun waɗanda suka rasa aikin yi ba?"

"Shi ne karatun da zai sa in riƙa kayar da kai a gardama."

"Ai kin daɗe kina yi ba takardar shaida. To sannu, Farfesa."

Sunan ya bi ta. Har yayarta, wadda ta rene ta bayan rasuwar mahaifiyarsu, in ta zo gidan sai ta ce, "Ina Farfesar taku?"

Allah bai ba su haihuwa ba, don haka ɗaki na biyu da suka daɗe suna tara tarkace a ciki shi ya zama ajinta. Injiniya ya samo tsohuwar kwamfuta, ya sauya mata fanka, ya kafa tebur kusa da taga. Duk safiyar Asabar malamarsu takan bayyana a allon kwamfutar, wata dattijuwa mai farin tabarau, ga ƙananan fuskokin ɗalibai goma sha biyu jere a gefe, kusan duka a shekaru Farfesa ta haife su. Sauran kwanaki kuwa karatu ne da jinga, a rubuta a aika, malama ta duba ta maido da jan rubutu.

Ba ta barin darasi a ɗakin. Yana tsakiyar cin abinci za ta jawo kujera.

"Injiniya, in ka gyara wa mutum firiji da kyakkyawar niyya, amma waya ta yi tartsatsi gidansa ya ƙone, kai mai laifi ne?"

"Ni gyarana ba ya ƙona gida."

"A ce ya ƙona."

"To me ya kai shi haɗa firiji da dutsen guga a soket ɗaya?"

Sai ta yi ta dariya har ta riƙe ciki, ta ce da malamarsu za ta ji shi, sifili za ta ba shi. Yana nuna kamar abin ya dame shi, amma a shago, yana ɗura wa firiji gas, sai ya kama kansa yana juya tambayar, yana tanadin amsar da zai kai mata da yamma.

A shekara ta biyu ta fara ramewa. Da fari ta ce karatu ne. Daga baya ciwon baya ya hana ta zama a kujera, sannan wata safiya ya dubi idonta ya ga farin ya koma ruwan ɗorawa. Aka kwantar da ita a asibiti kwana biyar ana gwaje-gwaje. A rana ta biyar likita ya kira shi ofis, Yaya ta biyo shi.

Likitan bai yi kwana-kwana ba. Ciwon daji ne, ya riga ya bazu har hanta. Aiki ba zai yi amfani ba. Abin da ya rage shi ne a rage mata zafi.

"Kamar yaushe?" Injiniya ya ji bakinsa ya tambaya.

"Rai na Allah ne. Amma a abin da muke gani, makonni ne, ko 'yan watanni. Ya kamata ta sani."

"Kada ku kuskura," in ji Yaya, ta dafe tebur. "Mahaifiyarmu ranar da aka gaya mata nata ciwon ta juya fuska bango, ko ruwa ba ta ƙara karɓa da daɗin rai ba. Na gani da idona. Ba za a maimaita mini a kan ƙanwata ba."

Likita ya dubi Injiniya. Shi kuwa hannayensa yake kallo, da baƙin mai a ƙarƙashin farce.

"A bar ta tukuna," ya ce.

"Shi ke nan, ba zan fara tayar da maganar ba," in ji likita. "Amma in ta tambaye ni, ba zan yi mata ƙarya ba."

Da ya koma ɗakin da take kwance, ta ɗaga kai daga filo.

"Me ya ce?"

"Hanta ce ta ɗan kumbura. Magani zai saukar da ita."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ce, "To, alhamdu lillahi," ta ce ya miƙo mata ruwa.

Kwana biyu bayan haka aka sallame su. Ya dawo da teburin karatu gefen gado. Idonta ba ya jure hasken kwamfuta, don haka shi yake karanta mata darasi, yana tuntuɓe da manyan kalmomi tana gyara masa. In lokacin jinga ya yi, ta faɗa ya buga da yatsa biyu. Ta matsa ƙwarai a kan jingar nan. Wadda ba a buƙata sai bayan wata biyu ma ta ce a yi ta yanzu.

"Saurin me kike yi, Farfesa? Jarrabawa da saura."

"Ɗalibar kirki ba ta jiran ranar ƙarshe. Buga."

Wata jingar a kan wahala ce: in Mahalicci mai rahama ne kuma mai iko, me ya sa bayinsa suke shan azaba? Ta jero amsoshin masana ɗaya bayan ɗaya, masu cewa jarrabawa ce, da masu cewa sai da ciwo ake sanin haƙuri da tausayi. Sannan ta ce ya rubuta cewa duk amsoshin nan suna da ƙarfi a takarda, amma mai ciwo ba amsa yake fara nema ba, wanda zai zauna kusa da shi yake nema. Ya buga rabin jimlar, ya ce fitsari ya matse shi. Ya shiga banɗaki ya buɗe famfo don kada ta ji.

Ya zama gwanin zancen gobe. In ta warke za su je su ga jami'ar da idonsu. Zai saya mata jaka irin ta malamai. Ita ma sai ta biye masa, ta ce baƙa take so, mai zif biyu.

Sau uku ta ce masa, "Injiniya, zo zauna, ina son mu yi magana." Sau ukun nan ya tabbata tambayar ciwonta za ta yi, kuma ya san in ta kafe shi da ido ba zai iya ba. Na farko ya ce mai kantin magani yana jiransa, firijin allurai ya tsaya. Na biyu ya ce bari ya ɗora ruwan zafi. Na uku, wata ranar Laraba da la'asar, har ta riƙo bakin rigarsa.

"Minti biyar kawai."

"In na dawo, Farfesa. Yanzun nan."

Ta saki rigar. Ya tafi shago ya zauna a kan wani mataccen firiji har rana ta yi sanyi, bai taɓa ko sukudireba ba. Da ya dawo maganin ya sa ta barci. Ba ta ƙara neman maganar ba. Kwana tara bayan nan ciwon ya tashi, aka koma asibiti, ta daina gane mutane. Ta rasu da hantsi, hannunta cikin na Yaya, shi yana layin karɓar magani a ƙasa.

Sai da masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa ya tuna makarantar ba ta sani ba. Ya kunna kwamfutar, ya rubuta wa malamar layi uku. Ba a yi awa ɗaya ba ta amsa, ta roƙi ya ba ta lambar waya. Da ta kira, ya gane muryar safiyar Asabar, sai dai yau a hankali take magana.

Ta yi masa ta'aziyya. Ta ce a shekarunta na koyarwa ba ta cika samun ɗaliba mai taurin kai a kan gaskiya irin matarsa ba. "Da ta gaya mini halin da take ciki, na ce ta ajiye karatun ta huta, ta ƙi."

"Ta gaya miki me?"

Malamar ta nemi sauya zancen, ya katse ta.

"Malama, don Allah. Me ta gaya miki?"

"Na ɗauka zuwa ƙarshe kun yi maganar," ta ce. "Ta rubuto mini tun kuna asibiti, ta waya. Bari in karanta maka, don haƙƙinka ne." Ya ji motsinta tana nema. "Ta ce: 'Malama, na tambayi likita da kaina, ya gaya mini ba zan kai jarrabawa ba. Ina roƙon a bar ni in miƙa sauran jingata da wuri, ina son in gama abin da na fara. Mijina ya sani, yana ɓoye mini. Bai iya ƙarya ba, in zai yi sai ya sosa kunne. Na ƙyale shi, domin mutum ne da ya saba gyara abin da ya lalace, wannan kuwa ba zai gyaru ba, ɓoyewar nan ita kaɗai ta rage masa da zai yi mini.'"

Injiniya ya zauna a bakin gado.

"Akwai wani saƙon daga baya," in ji malamar. "Ta ce akwai maganganun da take son ta gaya maka, amma duk ranar da ta ɗauko sai ka sami aiki."

"Ta faɗa miki ko mene ne?"

"A'a. Na ce ta rubuta ta ajiye maka. Ta ce ba na rubutawa ba ne, na faɗa ne ido da ido. Ka yi haƙuri."

Ya yi godiya, ya kashe wayar. Duk da haka ya bincike gidan. Ya zazzage littattafanta shafi-shafi, ya buɗe kowane fayil a kwamfutar, ya duba aljihunan jakarta. Darussa ne kawai, da jerin magunguna da lokutan shansu.

Washegari ya tafi gidan Yaya. Ya same ta a tsakar gida tana shanya. Ya gaya mata duka a tsaye, bai rage komai ba. Rigar da ke hannunta ta faɗi ƙasa.

"Ta sani? Duk kwanakin nan ina ce mata ta yi kyau, ta fara ƙiba, tana ce mini na gode Yaya?" Ta zauna a kan bokitin da ta kife, ta rufe fuska da mayafi. "Ni na sa ka. Ni na hana ka."

"Ba ke kika sa ta saki rigata ba, Yaya. Ni na fita da ƙafata."

Can ta share ido ta ce wataƙila so take ta ce ya ƙara aure, kada ya zauna shi kaɗai. Ya ce wataƙila. Ta ce ko kuwa yafiya za ta nema, ko ta ce ta yafe masa. Ya ce duk mai yiwuwa ne. Ya sunkuya ya ɗauki rigar da ta faɗi, ya kakkaɓe ta, amma ƙasa ta riga ta kama jiƙaƙƙen yadin. Yaya ta karɓa ta mayar cikin ruwa, ta ce ya shiga ciki ya zauna, ba zai bar gidan nan bai ci komai ba.