Kiwon Ingila a Toranke

Bayan sallar isha aka fara jin sa, daga wajen fakon da ke bayan gidan abokina Bubayero. Fito ne, amma ba irin wanda kunnenmu ya saba da shi ba. Yakan tashi siriri ya yi sama, ya tsaya, sai ya faɗo gida biyu kamar an karya kara. A Toranke ba a fito da dare. Tun muna yara aka hana mu, aka ce mai yin sa yana kiran baƙin da ba zai iya sallama ba. Saboda haka kafin gari ya gama wayewa, Barira maƙwabciyata, wadda katanga ɗaya ta raba mu, ta riga ta yanke hukunci cewa mutanen ɓoye ne suka tare a tsamiyar fako. Ta hana jikokinta bi ta wajen, ta cika tsakar gidanta da hayaƙi har ya tsallako wurina.

Ni kuwa na san fiton nan. A Ingila na ji shi.

Ba wai na taɓa taka ƙasar ba. Iyakar tafiyata Jos, ita ma tun ina da baƙin gashi. Sunana Kabo, manomi ne ni. Na yi firamare a Gaya, ban gama ba mahaifina ya ciro ni saboda gona, Turancin da na tsira da shi bai wuce na gaisuwa ba. Amma a bangon ajinmu akwai wani hoto da ya koɗe: tudu kore shar, an yanka shi da katangun duwatsu gajeru, ga tumaki farare kamar an watsa auduga, sama kuma ta yi duhun hadari. Malaminmu ya ce Ingila ce. Na manta lissafi, na manta sunayen koguna, hoton nan ya ƙi fita daga kaina.

Da 'yata ta saya min babbar waya, sai na zama abin dariya a shagon cajin da ke kasuwar Ajingi, inda ake tura wa mutane abin kallo. Kowa ya zo ƙwallo yake nema ko fim na faɗa. Ni kuwa sai in ce a nemo min na Ingila, wanda ba a harbi a ciki. Ina son wani tsoho da ke shiga jirgin ƙasa ya sauka a ƙaramar tasha, ya zagaya gari, ya sha shayi shi kaɗai a bakin taga, ya koma jirgi. Ina son wasu jiragen ruwa sirara da mutane ke kwana a cikinsu, suna tafiya a hankali har mai tafiya a ƙasa ya wuce su ya ɗaga musu hannu. Akwai garin da ake gangaro cuku daga kan tudu, manyan mutane masu iyali su bi shi da gudu suna faɗuwa. Wannan na kalle shi har mai shago ya ce in bari haka nan. Na gwada shan shayinsu, madara kaɗan babu sukari. Ba daɗi, amma ban daina ba. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne ruwansu, yayyafi ne da ke wuni yana sauka babu tsawa, kuma ba wanda ke rugawa gona da iri. Na sha kwanciya ina tunanin in tsaya a cikinsa ko sau ɗaya, ba don shuka ba, don kawai ya jiƙa ni.

Duk wannan da Bubayero nake kallo, a gindin dalbejiyar ƙofar gidana, bayan la'asar. Bubayero Bafulatani ne, abokina tun kafin mu yi aure. Shanun gidansu ƙannensa sun yi kudu da su da daɗewa, matarsa Hanne ta rasu, abin da ya rage masa shi ne 'yan tumaki uda, rabi baƙi rabi fari, waɗanda ya san kakannin kakanninsu. Ba ya kallon wayata sai don ya yi min tsiya. Yana kirana Baturen Toranke, yana cewa in da Turawan sun san da ni da sun aiko min da hula.

Amma gwiwoyinsa sun ƙi. A damina ya faɗi a daji, sai mata masu itace ne suka gan shi zaune tumaki sun kewaye shi. Labari ya kai wa ɗansa Hafizu, mai gyaran firji a Kano, ya zo ya yi magana ɗaya: idan an gama kaka za a sayar da tumakin, Baffa ya koma Kano wurinsa. Bubayero ya ce uda ba ta zaman turke, kuma shi ba ya zaman ɗaki. Hafizu ya ce to ya nuna masa yadda za su yi kiwo ba tare da ya sake faɗuwa a daji ba, shi kuwa ya bar shi a gidansa. Ya faɗi haka ne don ya san babu hanya.

Cikin kwanakin nan aka tura min shirin kiwo da kare. Wani tsohon Bature ne a gindin tudu irin na hoton ajinmu, ya jingina da sanda, ya sa yatsu a baki. Ya yi fito, kare baƙi da fari ya tashi kamar kibiya ya zagaye tumaki can nesa. Ya sake wani fiton, kare ya kwanta. Ya sake wani, kare ya taso su a hankali, ya bi da su ta ƙofar katanga, ya kai su ciyawa, ya dawo da su. Ina jiran tsiya, sai na ga Bubayero ya ƙura wa wayar ido.

"Kaɗo, mayar min da shi baya," in ji Bubayero.

Na mayar. Ya matso har gemunsa na taɓa wayar.

"Mutumin nan ya girme ni," ya ce. "Kuma ƙafarsa ko ɗaya bai ɗaga ba."

Shi ya sa da na ji fiton dare ban yi hayaƙi ba. Da safe na tafi gidansa na same shi da wani kare ja mai tsayayyun kunnuwa, ɗaure a bayan rumbu. Wurin wani maharbi a Kademi ya samo shi, ya sa masa suna Landan don ya ɓata min rai. Na tambaye shi abin da ya sa sai da dare. Ya ce mutumin da ke sahun gaba a masallaci, a gan shi da rana tsaka yana lallashin kare? Na gaya masa ai Barira ta riga ta mayar da shi aljani. Ya yi dariya har da tari, ya ce gara aljani da mahaukaci. Muka shirya mu riƙa fita da sassafe can ƙarshen fako, kafin mutane su fito.

Ni ne malami tunda ni ke riƙe da waya. Na saurari fiton Baturen har na raba su: wannan na dama ne, wannan na hagu, wannan dogon na kwanta ne. Bubayero ya kwaikwaye su da bakinsa mai giɓi, ya fi Baturen zaƙi. Tumakin kuwa ya ƙi a fito da su, ya ce ba zai haɗa su da karen maharbi ba sai ya tabbata ba zai kai cizo ba. Sai muka jera tsofaffin ƙoruka a fako, muka ce su ne tumaki. Landan ya zagaye ƙorukan ta dama, ya zagaye ta hagu, ya kwanta yana kallonsu da harshe a waje. Ƙoruka ba sa gardama. Wata safiya hazo mai laima ya sauko a kan fakon, na hango Bubayero jingine da sanda, kare kwance can nesa. Na ce masa yau kam mun iso Ingila. Ya ce in rufe baki kada in ruɗa masa kare.

Aka gama cire gyaɗa, aka ɗaure dawa. Hafizu ya sauka daga bas ana gobe kasuwar Ajingi. Ya gaishe ni da ladabi, ya ce, "Baba Kabo, an ce kai ne ka sa shi a wannan hanya." Na ce shi ya sa kansa, ni waya kawai na riƙe. Ya ce zai tsaya ya gani, don kada a ce bai yi wa mahaifinsa adalci ba.

Da hantsi mutane suka taru a bakin fako. Barira ma ta zo, ta riƙe haɓa tana kallon aljaninta sanye da malfa da wankakkiyar riga. Abin da aka shirya shi ne Landan ya kora tumakin ya tsallaka da su fako zuwa gonar gyaɗar da aka cire, su ci abin da ya zuba, ya dawo da su, Bubayero na tsaye wuri ɗaya.

Aka buɗe shinge, tumaki suka fito. Bubayero ya jingina da sanda ya yi fiton dama. Landan ya tashi ya yi zagaye mai kyau, wanda ko a Ingila sai a tafa masa. Bubayero ya yi fiton kwanta, kare ya kwanta. Mutane suka yi guna-guni na mamaki, na ga Hafizu ya sauke hannuwansa daga ƙirji.

Sai dai tumakin ba kare suke kallo ba. Tun ranar da aka haife su bakin nan ne ke kiransu, da murya ko da fito, kuma ma'anarsa a wurinsu ɗaya ce: ku zo. Suka juyo gaba ɗaya suka nufo shi. Ya yi wa Landan fiton kora, kare ya taso a hankali yadda aka koya masa, sai babbar tunkiyar ta juya ta buga ƙafa, ta kai masa karo a haƙarƙari. Landan ya koma gefe yana kallona, kamar yana tambayar ina ƙorukan. Bubayero ya sake fito, tumaki suka ƙara matsowa. Ya sake, suka manne da ƙafafunsa har yana tangaɗi. Duk kallon da na yi wa shirin nan, ban taɓa lura cewa makiyayinsu a baya yake tsayawa ba. Namu gaba yake shiga, dabba ta bi shi. Kuma Bubayero, wanda ya fi kowa sanin haka, so ya rufe masa ido.

Ba wanda ya yi dariya. Ya tsaya yana kallon kawunansu, sannan ya ce a hankali, ba da kowa ba, "Na Turawa tsoro suke bi. Nawa ni suke bi."

Sai ya gyara sanda ya fara tafiya. Tumakin suka jeru a bayansa kamar kullum, babbar na gaba, hancinta na taɓa bakin rigarsa. Landan ya bi su daga nesa ba wanda ya sa shi. Bubayero ya wuce tsamiya, ya kai tsakiyar fako, muna hango gonar gyaɗar a gabansa. A nan gwiwar hagu ta lanƙwashe. Bai faɗi ba, zama ya yi a ƙasa a hankali, kamar wanda ya tuna wani abu. Tumakin suka tsaya suka kewaye shi, ga abinci a gabansu, ko ɗaya ba ta wuce shi ba.

Hafizu ya taka har can, ya durƙusa ya juya masa baya. "Baffa, na gani," ya ce. "Hau." Ya goyo shi ya dawo da shi, tumaki na biye da su.

Washegari aka kawo a-kori-kura. Tumakin suka ƙi hawa, aka ja, aka tura, suka turje. Sai da aka ɗaga Bubayero aka zaunar da shi a bayan motar, ya yi fito ɗaya gajere, suka hau da kansu. Haka ya kai su kasuwar Ajingi. Ban bi su ba. Da yamma motar Kano ta wuce da shi daga can, ya aiko min da saƙon baki cewa in riƙe Landan, tunda ni ne Baturen.

Karen yana nan a bayan zaurena. Hafizu yakan kira ya ba Bubayero waya mu gaisa. Ya ce ɗakinsa a sama yake, akwai taga, yana ganin rufin kwano har iyakar ido. Ya ce akwai talabijin babba, an ce za a iya nemo masa shirin Baturen, ya ce a bar shi.

Ni ban daina kallo ba. Jiya bayan la'asar na zauna a gindin dalbejiya na kunna shirin, maƙwabta biyu suka tsuguna a gefena, abin da ba su saba ba. Tudun na nan kore shar, yayyafi na sauka, tsohon na jingine da sandarsa. Ya yi dogon fiton nan, Landan ya kwanta a ƙasa a gabanmu yana jiran abin da za a ce masa. Barira ta leƙo ta kan katanga, ta daɗe tana kallo.

"Malam Kabo," ta ce, "kai da ka san ƙasar. Su can, idan makiyayi ya tsufa har bakin ma ya gaza, ina suke kai shi?"

Na dubi wayar, Baturen na ta fito a tafin hannuna.