Littafin Rana, Littafin Dare

Na dawo Kano da akwati biyu. Ɗaya na kayan sawa, ɗaya na littattafan yara. Shekara shida na yi a Ingila ina koyon aikin laburare, uku daga ciki a sashen yara. Aikina a can shi ne in kalli yaro ɗan shekara tara zuwa sha biyu, in yi masa tambaya biyu, in miƙa masa littafin da zai mantar da shi abinci. Na iya aikin. Ban cika yin kuskure ba.

A gidanmu na Ƙofar Mazugal na tarar da Bahijja, 'yar yayana Mikail. Shekararta sha ɗaya, ta zo hutu wajen kakarta, wato mahaifiyata, Hajiya Nana Hauwa. Da ta ga akwatin littattafan sai ta yatsine fuska, ta ce ita littafi hamma yake sa ta.

Na ce, "Me kika fi tsoro?"

"Duhu."

"Me kika fi so?"

"Doki."

Na zaro mata wani mai koren bango. Labarin yara uku ne 'yan gida ɗaya, aka sace musu doki, suka bi sawunsa cikin duwatsu masu ƙanƙara. Ranar Litinin ke nan. Zuwa Laraba ta daina amsa kira.

Ranar Alhamis da azahar Hajiya ta kira ta sau uku ta sauke tukunya. Shiru. Ta same ta a bayan randa, ta duƙunƙune, littafi a kan gwiwa. Ta tambaye ta me ke ciki, yarinya ta zauna ta zayyana mata da zumuɗi. Hajiya ta saurara har ƙarshe, ta karɓi littafin, ta jefa a adakarta, ta kulle, ta ɗaure ɗan makullin a bakin zani.

"Ba a tatsuniya da rana," in ji ta.

Duk wanda ya tashi a cikin birni ya san wannan. Tatsuniya ta dare ce, wanda ya yi ta da rana zai ɓata a hanya. Yawancin mutane sun bar maganar a ƙuruciya. Hajiya ba ta bar ta ba.

Matsalar ita ce a gidanmu dare ba shi da fili. Daga magariba zuwa isha'i tilawa ake yi. Ana idar da isha'i Hajiya take kashe fitila. Ranar Lahadi da safe kuma Yaya Mikail zai zo ya mayar da Bahijja makarantar kwana, inda ake zazzage akwati a bakin ƙofa a ƙwace duk littafin da ba na aji ba. Saura mata shafi tamanin da huɗu. Ta bar yaran littafin a cikin kogo, ashanarsu ta jiƙe, doki bai bayyana ba.

Ba ta yi kuka ba. Ta zo ta tsaya a ƙofar ɗakina.

"Anti Luba, ke kika jawo. Da ina zaman lafiyata."

Gaskiyarta. Na tafi wajen Hajiya.

"Hajiya, wannan fa camfi ne."

"To, Baturiya."

"Babu wanda ya taɓa ɓata saboda tatsuniya."

"Ke kin yi da rana kina aji uku, a kan idona. Shekara shida muka yi ba mu san inda kike ba."

Na bar wannan hanyar. Na koma ɗaki na yi tunani irin na ma'aikata. Hajiya ba ta hana labari ba. Ita kanta tun daga asuba har la'asar labari take bayarwa: na kasuwar Kurmi a da, na wanda ya auri wa, na shekarar da aka yi fari. Ashe dokar tana da iyaka, sai dai a nemo ta.

Na koma na ce, "Mene ne bambancin tatsuniya da labari?"

"Ke da kika yi karatu? Labari ya faru, ko zai iya faruwa. Tatsuniya ƙarya ce da kowa ya san ƙarya ce."

"In littafi labari ne, a karanta da rana?"

"A karanta mana. Ni na hana ilimi?"

Muka yi da ita gobe Juma'a da hantsi zan kawo akwatin gaba ɗaya, in faɗa mata abin da ke cikin kowane littafi, ita ta yanke: wannan na rana, wannan na dare.

Na shirya tsaf. Na raba littattafan kashi biyu kamar yadda muke jera su a laburare. Kashi ɗaya na aljanu da dodanni da masu rikiɗa. Ɗayan na kasada, wanda babu sihiri a ciki ko ɗigo, mutane ne kawai da hanya da wahala. Dabarata mai sauƙi ce. Zan fara da na aljanun, in bar ta ta kore su zuwa dare ɗaya bayan ɗaya, ta ji daɗin mulki. In ta ƙoshi sai in kawo littafin doki, wanda duk abin da ke cikinsa doki ne da ƙanƙara. Zai wuce ba gardama.

Na faɗa wa Bahijja. Ta ce, "Kin tabbata kin san tsohuwar nan?"

Na ce uwata ce.

Da hantsi Hajiya ta zauna a rumfa tana tsintar wake a faifai. Bahijja ta zauna a gefen tabarma. Na ɗauko na farko.

"Wannan wata yarinya ce ta leƙa tsohuwar rijiya a bayan gidansu, ta tarar da gari guda a ƙasa, da kasuwa da sarki. Mutanen garin ba 'yan Adam ba ne. Na dare ne, na sani."

Hajiya ba ta ɗago ba. "Na rana."

"Hajiya, aljanu ne fa."

"Na ji. Ai ya faru. 'Yar Malam Mamman baduku ta Ƙofar Wambai, kwana uku ana nemanta, aka same ta a bakin rijiya da ƙunshi a hannu. Har ta rasu ba ta faɗi wanda ya yi mata ba. Ajiye nan."

Na ajiye. Na ɗauko na biyu.

"Wani ƙaton maciji mai fukafukai yana kwance a kan dukiya shekara ɗari uku."

"Fukafukan ne dai ban sani ba. Amma maciji mai gadin dukiya, wa bai san shi ba? Na rana."

"Wannan kuma wani yaro ne, in wata ya cika sai ya rikiɗa ya zama kura."

"A wane gari?"

"Ba a faɗa ba."

"Sun kyauta, sun rufa wa danginsa asiri. Na rana."

Bahijja ta cusa fuska a hijabi, kafaɗunta na rawa. Littafi goma sha ɗaya na ɗaga, goma suka wuce. Guda ɗayan da Hajiya ta kora na wani zomo ne mai sanye da kwat. Ta ce zomo ba shi da tela.

Jikina ya fara ba ni cewa lissafina ya karkace, amma na riga na shigo. Na nemi littafin doki. Hajiya ta kwance makulli, Bahijja ta ɗauko shi da hannu biyu.

"Wannan babu aljani, babu dodo," na ce. "Yara uku ne aka sace musu doki. Suka bi sawu. Shi ke nan."

"Shekarunsu?"

"Sha biyu, goma, da bakwai."

"Da wa suka tafi?"

"Su kaɗai."

Hannun Hajiya ya tsaya a cikin wake.

"Kwana nawa?"

"Tara."

"Ina uwarsu?"

"Tana gida. Sun bar mata takarda a kan tebur."

"Takarda." Ta maimaita kalmar a hankali. "Ta karanta ta yi me?"

Bahijja ta ce, "Ta ce Allah Ya sa sun ɗauki rigunan sanyi."

"Ba ta yafa mayafi ta fita ba? Ba a je gidan mai unguwa ba? Ba a yi cigiya a masallaci ba? Ba su da kawu? Ba su da maƙwabta? Duk garin babu tsohuwa ɗaya da ta gan su a hanya ta ce ku 'ya'yan wane ne, ku wuce mu je gida?"

"Can ba haka ake ba, Hajiya."

"Babu inda ba haka ake ba. Ɗan shekara bakwai ya kwana tara a dawa, uwa tana zancen riga! Wannan ko a tatsuniya sai an yi wa mai faɗa dariya. Na dare. Na tsakar dare ma."

Ta miƙo hannu a ba ta littafin.

Na yi shekara uku ina jera irin waɗannan littattafan a kanta, masu kama da gaske a dama, na sihiri a hagu. Ban taɓa tsayawa na tambayi ina iyayen yaran suke ba. Babu wanda ya taɓa tambayata.

Bahijja ba ta saki littafin ba. Ta rungume shi. Hajiya kuma ba ta janye hannu ba, amma idonta yana kaina.

"Da suka dawo me uwar ta yi musu?"

"Ba na faɗar ƙarshen littafi. Dokar aikinmu ce."

"Ni za ki karanta wa doka?"

"Ke ma kina da taki."

Nan Bahijja ta gyara zama. "Tsohuwa, in tambaye ki. In a ƙarshe uwar ta zane su fa? Ta kira kawunsu ya ƙara musu?"

Hajiya ta juya wake a faifai. "In an zane su, to magana ta fara kama hanyar gaskiya."

"Ya zama labari ke nan?"

"Zai iya zama."

"To ai ba ki ji ƙarshe ba kika yanke. Ko mai unguwa sai ya ji ta bakin kowa."

"Ji 'yar nan da baki kamar reza." Hajiya ta janye hannunta. "Karanta. Da ƙarfi, kina juya mini da Hausa. Ba saurare nake ba, bincike nake. In na kama ƙarya a rufe."

Na san ƙarshen littafin. Na ja bakina na yi shiru.

Aka fara bayan sallar Juma'a. Karatun bai yi sauri ba, domin mai bincike ba ta barin shafi ya wuce lafiya. Da yaran suka raba burodi ɗaya su uku, ta ce babbar ba ta da wayo, da ta ƙulla garin kwaki tun daga gida. Da suka tsallaka kogi a kan ƙanƙara, ta ajiye carbi ta ce, "Ƙaramin fa? Ki duba ƙaramin." Da suka hango ɓarawon dokin yana hura wuta, ta ce kada su kuskura su matsa, su koma su kira manya. Ba su ji maganarta ba. Ta ce daman ta sani, tarbiyyar ke nan.

Aka kira magariba saura shafi arba'in. Hajiya da kanta ta sa tsinken tsintsiya a inda aka tsaya.

Ranar Asabar maƙwabciyarmu Halima ta aiko a tuna wa Hajiya bikin sunan jikar Haliman da ƙarfe goma. Hajiya ta ce a gaya mata ƙafa ta matsa mata, sai da yamma. Ƙafar lafiyarta ƙalau. Na gan ta da ita tana korar akuya.

Wajen azahar yaran suka kwance dokin, suka gudu da shi cikin hazo. Bahijja ta manta da fassara, ta yi shafi biyu da Turanci ita kaɗai, sai da Hajiya ta buge ta da mafici a gwiwa.

"Ke, ni na haifi Bature? Dawo baya."

Ƙarfe biyu da rabi suka iso ƙofar gida, su uku da doki. Uwar tana tsaye a bakin ƙofa. Hajiya ta matso har gwiwarta na taɓa ta Bahijja.

"Yawwa. Me ke hannunta?"

Bahijja ta karanta a zuci tukuna. Ta ɗago ta kalle ni. Da za ta ce bulala ce, babu mai ƙaryata ta, ni dai ba zan yi ba. Ta mayar da ido kan shafin.

"Bargo ne."

"Bargo."

"Ta lulluɓe su. Ta dafa musu madara. Ta ce tana alfahari da su."

"Sai kuma?"

"Shi ke nan. Ya ƙare."

Ta rufe littafin, ta kwanta rigingine a kan tabarma, ta ɗora shi a ƙirji tana kallon rufin rumfa. Na san wannan kwanciyar. Ba a yi wa mai ita magana.

Hajiya ta gyara zama. Sannan ta ce, "Tatsuniya ce. Tun farko na faɗa. Kun sa ni na zauna kwana biyu da rana tsaka, da girmana."

"Bincike kika yi," na ce.

"Rufe mini baki."

Daga kwance Bahijja ta ce, "Anti Luba, akwai wani irinsa?"

"Akwai na biyu. Yaran nan ne dai. Wannan karon a teku."

"Teku!" Hajiya ta dafe ƙirji. "Da ƙaramin?"

"Da shi."

"Uwar nan ce dai a ciki?"

"Ita ce."

Ta leƙa tsakar gida ta duba inda inuwa ta kai.

"Ɗauko," in ji ta. "Ba a barin yara da irin wannan mata babu mai sa ido."