Tuƙi a Tsakar Falo

Tun da uwar yara ta rasu, Auta ta naɗa kanta hukumar kula da ni. Hukuncinta na farko shi ne bene ya fi ƙarfina. Laifina kawai, ta zo wata safiya ta tarar da ni zaune a tsakiyar matakala ina maida numfashi, da ledar burodi a cinya.

"Baba, na ware maka ɗaki a gidana. A ƙasa yake, ba hawa ba sauka."

"Littattafaina fa?"

"A zuba a kwali mana. Ai ka gama karanta su."

A wajenta littafi rake ne, a tsotse a tofar.

Muka kai ƙara gaban likita, wani yaro da rigar sanyina ta girme shi. Ya mammatsa cinyata ya ce naman ya zube. Sai ya kafa sharaɗi: in na dawo ganinsa zan yi ta tashi daga kujera ina zama, hannuwa a ƙirji, ba dafa komai. In na iya, na zauna gidana. In na kasa, ni da littattafan mu shiga kwali.

Mijin Auta mutum ne mai sayen kayan motsa jiki don ya sami wurin rataye tawul. Shi ya kawo mini injin, yana haki fiye da ni.

"Baba, wannan kamar tuƙin kwale-kwale ne, amma a falo."

"Ina zai kai ni?"

"Ai ba ya tafiya, Baba."

"Madalla. Ya sami ɗan'uwa."

Doguwar sandar ƙarfe ce da 'yar kujera mai zamewa a kai. A gaba akwai fanka, da matakin ƙafa mai maɗauri, da mariƙi haɗe da sarƙa, da ɗan allo mai nuna ƙarfin kowane ja. Surukin nawa ya tura wani ƙarfe da ke gefen fankar har ƙurya, ya ce nan maza ke ajiye shi. Na dubi tumbinsa, na gode masa.

Na fara kamar mai jan guga: baya a tanƙware, hannu na fizga, ƙafafu na biye kamar 'yan rakiya. Allon ya riƙa nuna mini wata lamba da ko ɗan makaranta zai ɓoye wa ubansa. Kafin mako ya zagayo, ƙuguna ya riƙe, sanya takalmi ya zama aikin yini. Na mayar da ƙarfen maza tsakiya, na ɗauko takardar bayani. Ta ce ƙafa ce farko, sai gangar jiki, sai hannu. Na fahimta sarai. Na karanta littattafan yaƙi da yawa ma, ban taɓa cin ko ɗaya ba.

Rannan ina ɗaure a kan injin, gwiwa a naɗe, sai Auta ta bugo. Na buɗe murya na ajiye wayar a ƙasa.

"Baba, wane fenti kake so? Mai fentin ya ce shuɗi yana kwantar wa tsofaffi hankali."

"Ai ban faɗi jarabawar ba tukuna."

"Haba Baba, shiri ne kawai. Na sa an kafa maka ƙarfen dafawa a banɗaki. Kuma yara sun yarda ka riƙa kallon talabijin tare da su."

Yara sun yarda. Ban san lokacin da na hankaɗi matakin nan da dugadugaina ba. Haushi ya sa na manta da hannuwana, suka tsaya a miƙe suna riƙe da abinsu. Kujerar ta yi baya da ni, fankar ta yi ruri, lambar ta ninka.

"Innalillahi! Baba, ƙarar mece ce wannan?"

"Ra'ayina ne kan fentin."

Ashe ba ja ake yi ba, turewa ake yi. Ƙafa ta ture, jiki ya ɗan kishingiɗa, hannu ya iso a ƙarshe kamar dangin da ba sa zuwa sai an sauke tukunya. A dawowa kuma ba gaggawa: hannu ya fara tafiya, jiki ya bi, sannan gwiwa ta naɗe. Abin da ya rage kawai a sami wanda za a ture, ni kuwa ba ni da ƙarancinsu. Ƙafar dama ta ɗauki likita, ta hagu ta ɗauki suruki. In na gaji sai in ɗora mutumin da ya zo mini ta'aziyya ya tambayi ko zan sayar da keken ɗinkin marigayiya. Shi kaɗai yana kai ni har gumi.

Ranar komawa asibiti na rungume hannu, na yi ta tashi ina zama har yaron ya ce ya isa. Na ƙara masa biyu, ladan matsar cinya.

"Baba, ka ba ni mamaki," in ji shi.

"Ka rubuta a takardar. 'Yata ba ta yarda da baki."

Auta ta dawo da ni a mota, ta tsaya a ƙofar gidana. Ta kashe injin, idonta na kan sitiyari.

"Wallahi ba matakalar ce ta dame ni ba, Baba. In na bugo ba ka ɗauka ba, sai in kasa haɗiye ko ruwa. Haka aka yi da Mama."

Na ce ta gaida yara.

Na hau benen ban tsaya ko sau ɗaya ba, tana kallona daga ƙasa. Na buɗe ƙofa, na yi sallama saboda baki ya saba. Gidana ne, na ci shi da ƙafata, kuma ba wanda ya amsa.